Hutun Da Muka Ɗora Wa Inna

Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, ku yi mini afuwa, yau ba ƙagaggen labari na zo da shi ba. Abu ne da ya faru a gidanmu, na daɗe ina juya shi a raina, har na ga idan na ci gaba da yin shiru na ci amanar wasu iyayen da ke zaune a ɗaka irin zaman da tawa uwar ta yi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina rubuta littattafai, kuma mutanen da na kwantar a asibiti a cikinsu ba za su ƙirgu ba. Kun san yadda muke yi: yarinya ta yanke jiki ta faɗi saboda an raba ta da masoyinta, likita ya fito ya zare tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura, a guji ɓata mata rai. Amma ban taɓa rubuta matar da sai ta huta sau biyu tsakanin ɗakinta da banɗaki ba, alhali ita ce nake gaisarwa kullum da safe.

Innarmu waina ta yi ta sayarwa a soron gidanmu sama da shekara talatin. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta, ba ta tashi daga gaban tanda sai hantsi ya dubi ludayi. Soron nan taga ɗaya gare shi, ita ma 'yar mitsitsiya. Da damina itace ya jiƙe, haka za ta duƙa tana hurawa da baki, hayaƙi ya turnuƙe, idonta ya yi jawur, ta goge da gefen zani ta ci gaba da zuba ƙullu. Da kuɗin wainar nan na yi sakandare, da shi aka yi mana gado da kwanuka ni da ƙannena mata. Ba ta taɓa sanin ɗanɗanon taba ba, don haka ko a mafarki ba mu kawo mata ciwon huhu ba.

Tari ne ya fara, muka ce na sanyi ne. Duk hunturu sai ya taso, a sayo maganin tari a kemis, a dafa citta da kanumfari, ya lafa. An yi mata gwajin tarin fuka har sau biyu ba a ga komai ba, muka saki jiki. Daga baya haki ya biyo. In ta ɗauko bokiti daga bakin rijiya sai ka ga ta dafa bango ta yi shiru kamar mai tunani. Ka ce, "Inna ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Ko tana fisgar numfashi da ƙyar, amsar ke nan.

A shekarar 2019 Yayanmu ya ce sana'ar ta isa haka, Allah ya hore masa, uwarsa ta gama wahala. Ya ɗauko yarinya mai aiki, ya sayo kujera mai laushi aka ajiye mata a ƙofar ɗaki. Muka bi ta da gata ta ko'ina. Buta a kawo mata har gabanta, abinci har gabanta, ko mafici ta miƙa hannu za ta ɗauka sai wani jika ya riga ta. Kalmar da ta fi ji a bakinmu ita ce, "Inna zauna." Wallahi har alfahari muke yi, muna cewa mu dai mun hutar da tamu.

A watan Janairun 2023, da ƙura ta yi ƙura, numfashinta ya sarƙe cikin dare, muka kwashe ta sai asibiti. Kwananta shida a gado. Bayan an sallame ta da 'yan makonni muka koma ganin likitan ƙirji, aka ba ta wani bututu ta cika ƙirjinta da iska ta busa iya ƙarfinta, har sau da dama. Likitan ya duba takardar ya ce ciwon toshewar hanyoyin numfashi ne, wanda su suke kira COPD. Ya yi mana bayani dalla-dalla: hayaƙin shekara da shekaru ya ƙuntata ƙananan hanyoyin da iska ke bi a huhu, iska ta shiga amma fitarta ta zama aiki, shi ya sa take jin ƙirjinta a cike alhali iskar ba ta ishe ta ba. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya rage wahalar a kuma hana shi saurin ci gaba. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ciwon nan ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, shi ne na huɗu a cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashen Turawa taba ce kan gaba wajen jawo shi. A irin ƙasashenmu kuwa hayaƙin girki na da nasa babban kason, tunda har yanzu sama da mutum biliyan 2 a duniya da itace da gawayi da makamantansu suke girki.

Daga nan ya juya gare ta ya ce, "Mama, daga ina zuwa ina kike iya tafiya kafin ki tsaya hutawa?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi ɗan nan, ina zuwa ko'ina."

Yaya ya karɓe da fara'arsa, "Ai likita ba ma barin ta ta yi komai, ko tsinke ba ta ɗagawa."

Likitan bai ce masa komai ba, ya dai ɗan dube shi, sannan ya yi rubutu a kati ya ce mu kai sashen motsa jiki, za a gwada tafiyarta.

Ni na zaci wata ƙatuwar na'ura za a ɗora ta a kai. Da muka je sai na ga baranda ce kawai doguwa, an auna mita 30 an ajiye roba mai tsini a kowane ƙarshe, ga kujera a gefe. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, matashiya ce mai haƙuri, agogo ne a hannunta da takarda, sai wata 'yar na'ura kamar abin maƙale shanya da ake sa wa a yatsa, tana nuna bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jini. Da ta ga baƙin lalle a yatsun Inna sai da ta nemi wanda ya fi koɗewa, ta ce baƙin lalle da jan farce kan rikita na'urar. Ta bar ta ta huta sosai, ta auna jininta, ta nuna mata wani allo mai lamba daga 0 zuwa 10, ta ce sifili shi ne babu haki ko kaɗan, goma shi ne hakin da ba a iya jurewa. Inna ta nuna 1.

Ta ce, "Mama, minti shida za ki yi kina tafiya daga wannan robar ki zagayo waccan, iya nisan da za ki iya. Ban da gudu. In kin gaji ki tsaya ki jingina, agogo dai ba zai tsaya ba, da kin samu sauƙi ki ci gaba. In kin ji ciwon ƙirji ko jiri ki faɗa mini nan take."

Na miƙe zan kama hannunta, ma'aikaciyar ta ce, "Anti ki zauna. Ita kaɗai za ta yi, kuma kada ki ce mata komai." Ta ce ko ita kanta maganganun da za ta faɗa ƙayyadaddu ne, sau ɗaya duk minti, don in aka yi wa mutum kirari zai ƙara sauri, awon ya tashi daga gaskiya.

Masu karatu, ban taɓa sanin minti shida na da tsawo haka ba. Minti na farko ta tafi tiryan-tiryan har da gyara mayafi. A na biyu kafaɗunta suka fara ɗagawa. Kafin na uku ya cika ta jingina da bango, bakinta a buɗe, tana kallon ƙasa. Na ƙanƙame jakata don kada in tashi. Ta huta, ta ɗaga ƙafa ta ci gaba, ta sake tsayawa a minti na biyar. Da aka ce ta tsaya, oksijin ɗinta ya sauko daga 94 zuwa 87, kuma da aka miƙo mata allon nan, matar da kullum take ce mana da sauƙi ta ɗora yatsa a kan 7. Mita 230 ta yi. Aka bar ta ta huta fiye da rabin awa aka sake, domin yawanci karo na biyu ya fi na farko tunda mutum ya gane kan abin, kuma mafi yawan ake rubutawa. Ta yi 250.

Na tambaya nawa ya kamata ta yi. Ma'aikaciyar ta ce babban mutum mai lafiya yakan yi tsakanin mita 400 zuwa 700, gwargwadon shekarunsa da tsayinsa da nauyinsa, kuma ga masu irin wannan ciwon, in aka gaza 350 likitoci kan ƙara sa ido. Ta ce busa bututun da aka yi huhu kaɗai ya auna, tafiyar nan kuwa ta haɗa huhu da zuciya da jini da ƙwanjin ƙafa gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga mutum biyu awon huhunsu ɗaya, amma ɗaya na zuwa kasuwa ɗaya ba ya iya fita tsakar gida.

Abin ya tsaya mini a rai, har na sa ɗan Yaya da ke karatun aikin jinya ya binciko mini asalinsa, tunda Turancin nawa na sakandare ne. Ashe a 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da gwajin gudun minti 12 don auna ƙarfin sojoji. A 1976 wasu likitoci a Birtaniya suka mayar da shi tafiya don masu ciwon ƙirji. A 1982 aka gwada minti 2 da 6 da 12, aka ga shida ta wadatar kuma ba ta galabaitar da marar lafiya. A 2002 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin yin sa. Abin da ya burge ni shi ne ba ya bukatar wutar lantarki ko kayan miliyoyi: baranda, agogo, da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Na zaci an gama, sai ma'aikaciyar ta ce, "Wannan ya nuna mana abin da Mama za ta iya. Saura mu ga abin da take yi a gida, don ba ɗaya ba ne." Ta kawo wata 'yar na'ura mai ƙirga taku, ta ce a maƙala mata a ƙugun zani daga tashinta har kwanciyarta, kwana bakwai, kada a canza komai na yadda aka saba, kullum da dare in rubuta lambar. Ta gargaɗe ni cewa na'urar kan tsallake wasu takun in mutum na jan ƙafa a hankali, don haka kada in ɗauki lambar kamar awon gwal, yanayin kwanakin ake son gani.

Na koma gidan na tare na mako guda. Asabar taku 810. Lahadi 760. Litinin, Talata, Laraba, duk ba wadda ta kai dubu. Ni kuwa wayata tana nuna mini dubu shida da wani abu, ban ma je ko'ina ba. Sai ranar Juma'a na duba na ga 1,540. Na yi ta mamaki, me ya faru ranar Juma'a? Can na tuna: ranar ce yarinyar aikin take tafiya gidansu, ni kuma na fita gidan suna, jikoki suna makaranta. Ba wanda zai ce mata zauna. Da kanta ta ɗebo ruwan alwala, ta ɗauko abincinta, ta kori awakin maƙwabta daga kan shanyar gero. Kuma ba abin da ya same ta.

Da na kai takardar, a kan Juma'ar nan ma'aikaciyar ta ɗora biro. Ta ce ciwon yana da wani zagaye da yake yi wa mutum. Haki ya sa ya ji tsoron motsi, sai ya zauna. Zaman ya sa naman cinya da na ƙafa ya saki. Naman da ya saki kuwa ɗan aiki kaɗan ke gajiyar da shi, sai ya nemi numfashi fiye da da, hakin ya ƙaru, mutum ya ƙara zama. Haka za a yi ta yi har ya kasa tashi daga kan tabarma, a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa, alhali da hannun zaman a ciki. Ɗan Yaya ya ƙaro mini da cewa a wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2005, an ga masu wannan ciwon kimanin minti 44 suke tafiya a yini, tsararrakinsu masu lafiya kuwa minti 81. Wani kuma a Jamus a 2011 ya bi marasa lafiya 170 na kusan shekara huɗu, aka ga a cikin duk abubuwan da aka auna, yawan motsin mutum a yini shi ya fi nuna wanda zai yi nisan kwana da ciwon. Rai dai na Allah ne, amma shi ya ce a yi sababi.

Daren nan muka yi zama a ɗakin Inna. Da na gama bayani Yaya ya ɓata rai ya ce, "Yanzu so kike a ga uwarmu da tsintsiya? Me duniya za ta ce da mu? A ce muna da hali mun bar ta tana bauta?"

Na ce, "Yaya, ba ni na faɗa ba, ga takarda."

Ya ce takardar banza. Muna cikin haka Inna, wadda ba ta sa mana baki ba tun farko, ta yi gyaran murya ta ce, "Ku saurara." Muka yi tsit. Ta ce, "Tun da kuka ajiye ni a kujerar nan nake jin ƙafafuna suna mutuwa. Na yi shiru ne don kada ku ce ban gode ba. Shekara biyu ke nan aminiyata tana kwance ɓarin jikinta ya shanye, ga gidanta can ƙarshen lungu, ban je na ce mata sannu ba. Da na ce zan je sai ku ce in bari a aika yaro. Yaro ne ya yi zaman shekara arba'in da ita?"

Yaya ya sunkuyar da kai, ni kuwa hawaye ne ya zubo mini. Lungunmu adaidaita sahu ba ya shiga, sai dai ƙafa. Washegari na auna da wayata daga ƙofar gidanmu zuwa ta aminiyar Inna, ya kama mita 300 da 'yan kai. Abin da ya raba su ke nan shekara biyu.

Aka sa ta a tsarin motsa jiki, sau biyu a mako a asibiti har mako takwas, sauran kwanakin a gida. Aka koya mata shaƙar iska ta hanci ta fitar a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura kunu da zafi. Aka gyara mata yadda take amfani da abin shaƙarta, ashe duk watannin nan rabin maganin a bakinta yake tsayawa. A gida takan tashi daga kujera ta zauna, ta tashi ta zauna, ba tare da dafa hannu ba. Safe da yamma tana tafiya daga ƙofar ɗakinta zuwa soro, duk zuwa ɗaya ta jefa ƙwallon dabino a gwangwani, don ita ba ruwanta da lambar na'ura. Ta fara da biyar. An ce mana matsakaicin haki a lokacin motsa jiki ba ɓarna yake yi ba, amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko hakin da ya hana magana, ko canjin launin kaki da zazzaɓi, waɗannan a tsaya a nemi likita. Na tambaya ko sai ta kai taku 10,000 da ake faɗa, ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce wannan lambar daga tallan wata na'urar ƙirga taku ta samo asali a Japan a 1965, ita Mama ta riƙa ɗara jiya da kaɗan ya ishe ta.

Muka mayar mata da butarta. Muka mayar mata da tsintar wake da gyaran zogale da ba kaji hatsi. Murhun itace ya bar kusa da ɗakinta, Yaya da kansa ya sayo na gas. Turaren wuta, wanda rabuwa da shi ya fi komai yi mata ciwo, shi ma ya bar ɗakin. Mafi wuya a wurinmu shi ne koyon kame baki da hannu in mun ga tana haki.

Da mako takwas suka cika aka koma barandar nan. Ta yi mita 295, sau ɗaya ta tsaya. Na ɗan ji ba daɗi, na ce duk wahalar nan mita 45 kacal? Ma'aikaciyar ta ce a wurinsu ƙarin mita 30 ma abu ne da marar lafiya ke jin bambancinsa a jikinsa. Awon bututu kuwa yana nan inda yake, huhun bai canza ba, ƙafafun ne suka dawo. Takunta na yini ya haura dubu biyu.

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya ta yafa mayafi ta ce in rako ta. Na bi ta a baya, hannuna a naɗe. Ta huta a dakalin mai kanti, ta huta a bakin masallaci, ta huta a gindin darbejiya. Mata suna leƙowa suna, "Lale, yau Inna mai waina ce a waje?" Mun kusa rabin awa kafin mu isa. Da muka yi sallama aminiyarta ta ɗago kai daga kan katifa, bakinta a karkace, ta kafe ta da ido, da ƙyar ta iya cewa, "Kin zo?" Inna ta zauna a gefenta tana mayar da numfashi, ta kama hannun nan da ya shanye ta ce, "Na zo." Na fito tsakar gida na ba su wuri.

Ta koma sau da yawa bayan nan. A farkon 2024 Allah ya yi wa aminiyar tata rasuwa, kuma da ƙafarta ta je zaman makoki, kwana uku a jere. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.

Ba zan ce muku Inna ta warke ba, ciwon yana nan. Hunturun da ya biyo baya ya sake kwantar da ita, ƙwallayen dabinon suka koma biyar, muka sake farawa daga nan. Amma yanzu mun san abin da muke dubawa.

Roƙona gare ku 'yan uwa, musamman mata, da yawanmu a gaban murhu iyayenmu suka ƙare ƙuruciyarsu. In kuna da tsoho ko tsohuwa mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko mai haki, ku daina tsayawa a "ya jiki", don amsar da sauƙi ce ko da yaushe. Ku tambaye ta, bara war haka ina take iya zuwa, bana kuma ina take tsayawa? Ku lura da abin da ta daina yi ba tare da ta faɗa ba. Ku kai ta asibiti a auna numfashinta, ku tambaya ko ana gwajin tafiyar minti shida, kada ku yi mata shi a gida da ka, don akwai masu ciwon zuciyar da bai dace da su ba. In likita ya ce ta motsa, ku bar ta ta motsa, ko da maƙwabta za su yi magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri. Masu jiran ci gaban littafi kuma, in Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya.